Darasi na Tara: Shigo da Hotunan Bidiyo, Raɗa Musu Suna da Tsara Su Kafin Tacewa

Manhajar tace bidiyo ba ta haɗiye hotunan da aka shigar mata. Abin da take riƙewa adireshinsu ne kawai: sunan faifan da suke ciki, sunan foldar, sunan fayil ɗin, sai kuma bayanin inda edita ya yanka da inda ya haɗa. Wannan ne ya sa fayil ɗin aikin fim na awa biyu yakan tsaya a 'yan megabait, alhali hotunan da aka ɗauka sun cinye terabait guda ko fiye. Haka Adobe Premiere Pro da DaVinci Resolve da Kdenlive da Shotcut suke aiki. Final Cut Pro na kamfanin Apple yakan ba mutum zaɓi, ko ya kwashi hotunan zuwa rumbunsa ko ya bar su inda suke, amma shi ma adireshi yake bi.

Duk abin da ke cikin wannan darasi daga wannan gaskiyar ya samo tushe. Idan an canza sunan fayil bayan an shigo da shi, ko an matsar da folda, ko an cire faifan, manhaja za ta je adireshin da ta sani ta tarar babu kowa, sai ta rufe fuskar kwamfuta da jan allo mai rubutun Media Offline. Saboda haka ana kammala tsari ne a kan faifai tun kafin a buɗe manhaja, kuma da zarar an fara aiki ba a sake taɓa shi.

Daga katin kyamara zuwa faifai

Lokacin da ya fi kowane haɗari a rayuwar hoto shi ne tsakanin fitowarsa daga kyamara da saukarsa a faifan ajiya, domin a wannan tsakanin kwafi ɗaya tak ne a duniya. Ɗaurin aure ba ya maimaituwa. Dattijon da aka yi hira da shi a ƙauye ba lallai ne a sake samunsa ba. Ko a fim ɗin da aka tsara, mayar da 'yan wasa da fitilu da janareto zuwa lokeshan kuɗi ne da furodusa bai tanada ba.

Katin SD yana da ɗan maɓalli a gefensa wanda idan an ja shi ƙasa yake hana rubutu. Jan wannan maɓalli shi ne abu na farko da ake yi idan kati ya fito daga kyamara. Daga nan a sa shi a na'urar karanta kati, a kwafe shi gaba ɗaya. Ana kwafa ne, ba a yankewa a liƙa, domin idan wuta ta ɗauke a tsakiyar yankewa ana iya rasa fayil a can a rasa shi a nan. Ba a kuma yin editin kai tsaye daga kati: kati na komawa kyamara gobe, aikin kuma ya tashi babu hotuna.

Kwafe kati gaba ɗaya yana nufin har da foldojin da suka yi kama da tarkace. Kyamarorin da ke ɗauka a tsarin AVCHD, wanda Sony da Panasonic suka fito da shi a 2006, suna ajiye bidiyo a can ciki, a foldar STREAM da ke ƙarƙashin BDMV, amma a gefe akwai ƙananan fayiloli masu ɗauke da bayanin lokaci da na yadda gutattakin suke haɗuwa. Gutattaki kuwa suna faruwa ne saboda katunan da ba su wuce gigabait 32 ba galibi suna kan tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil ɗin da ya haura gigabait 4. Idan an ɗauki wa'azi ko taro na awa guda ba tare da tsayawa ba, kyamara takan datsa shi gida-gida. Wanda ya tsinci fayilolin bidiyo kaɗai ya bar sauran yakan tarar da ɗan tsalle ko yankewar sauti a kowace mahaɗa, ita kuwa manhaja da ta ga katin cikakke sai ta ɗinke su su zama hoto ɗaya.

Ganin cewa kwafi ya kai ƙarshe ba hujja ba ce cewa ya sauka lafiya. Kebul mai matsala ko kati mai rauni kan lalata fayil ba tare da kwamfuta ta ce uffan ba. Maganin wannan shi ne kwafi mai tantancewa: manhaja takan yi wani lissafi a kan duk abin da ke cikin fayil na asali ta fitar da lamba, ta maimaita lissafin a kan kwafin, sannan ta gwada lambobin biyu. Idan ko ɗigo ɗaya ya canza, lambobin ba za su zo daidai ba. MD5 da xxHash suna cikin hanyoyin lissafin da aka fi amfani da su. Manyan kamfanoni sukan sayi ShotPut Pro don wannan aiki, amma DaVinci Resolve na kyauta yana da Clone Tool a shafinsa na Media, a Windows kuma akwai TeraCopy. Wanda ba shi da ko ɗaya, mafi ƙarancin abin da zai yi shi ne ya gwada yawan fayiloli da jimillar girmansu a kati da a faifai, ya kuma buɗe hoton farko da na tsakiya da na ƙarshe ya kalla, ya saurara.

Lissafin wuri ma a nan ake yin sa. Kyamarar da ke ɗauka a kan megabit 100 a daƙiƙa tana cin megabait 12.5 a daƙiƙa, wato megabait 750 a minti, gigabait 45 a awa. Katin gigabait 128 bai kai awa uku ba ke nan. Bikin kwana uku da kyamara biyu yana iya cika rabin terabait cikin sauƙi. Sauri kuma ya danganta da ƙofar da aka bi: kwafe cikakken katin gigabait 128 ta USB 2.0 yakan ci kusan awa guda, ta USB 3.0 kuwa da ƙyar ya kai rabin haka. A inda wuta ba ta da tabbas, wannan bambanci ba na jin daɗi ba ne kawai. Kwamfutar tebur da ake kwafi da ita tana bukatar na'urar riƙe wuta ko inbata, laftof kuma a tabbatar batirinta a cike yake kafin a fara.

Akwai kuma katunan jabu, waɗanda suka cika kasuwannin waya. Kati yakan nuna gigabait 128 alhali ainihin cikinsa 16 ne, ya ci gaba da karɓar hoto yana taka na baya, ba a gane ba sai an zo kallo. Ƙaramar manhajar H2testw takan cika sabon kati da bayanai ta karanto su, ta fallasa girmansa na gaskiya. Kowane sabon kati ya cancanci wannan gwaji kafin ya shiga kyamara.

Kwafi uku

Ƙa'idar da masu wannan sana'a suka fi yarda da ita ita ce ta 3-2-1, wadda mai ɗaukar hoto ɗan Amurka Peter Krogh ya yaɗa: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gini dabam. Faifai biyu a kan tebur ɗaya suna kare mutum daga mutuwar faifai, amma ba sa kare shi daga ɓarawo ko gobara ko wutar da ta dawo da ƙarfi ta ƙona komai.

Labarin kamfanin Pixar ya isa misali. A 1998, ana tsakiyar aikin Toy Story 2, wani umarnin gogewa da aka bayar a inda bai dace ba ya share kusan kashi 90 cikin 100 na fayilolin fim ɗin. Da aka koma kan ajiyar ko-ta-kwana sai aka tarar ta daɗe da samun matsala ba wanda ya lura. Abin da ya ceci aikin shi ne kwafin da wata babbar ma'aikaciya, Galyn Susman, ke da shi a kwamfutarta ta gida, saboda a lokacin tana jego tana aiki daga can. Abu biyu ne a ciki: kwafin da ke nesa shi ya tsira, kuma ajiyar da ba a taɓa gwada buɗe ta ba ba za a dogara da ita ba.

A ƙaramin sutudiyo tsarin yakan kasance haka: SSD mai sauri don aikin yau da kullum, babban faifai mai juyawa don ajiya a ofis, wani kuma a gidan furodusa. Ba a goge kati sai hotunansa sun sauka a wuri biyu an kuma tantance. Idan lokacin gogewa ya yi, a cikin kyamara ake yi masa fomatin, ba a kwamfuta ba, domin kyamara ce ta san foldojin da take bukata.

Faifan da zai riƙa yawo tsakanin Windows da Mac a sa shi a tsarin exFAT. Mac yana karanta NTFS amma ba ya rubutu a kai sai da ƙarin manhaja, Windows kuma ba ya buɗe APFS. Sai dai exFAT ba ya jure a fizge shi ana cikin rubutu, don haka kullum a sallame shi ta kwamfuta kafin a zare waya.

Foldojin aiki

Kowane aiki yana da uwar folda guda, kuma duk abin da ya shafe shi a cikinta yake kwana. Waƙar da aka sauko da ita ta tsaya a Downloads, tambarin da aka bari a Desktop, hoton da ke cikin filashin wani: waɗannan su ne abubuwan da ke ɓacewa ranar da aikin ya koma wata kwamfuta.

A ɗauki misalin gajeren shiri a kan marinar Ƙofar Mata da ke Kano. Uwar foldar za ta iya zama 2024_KofarMata. A cikinta akwai 01_Aiki don fayilolin manhaja, 02_Bidiyo don abin da kyamara ta ɗauka, 03_Sauti, 04_Waka, 05_Zane don tambari da rubutu da hotuna marasa motsi, 06_Takardu don labari da takardun izini, sai 07_Fitarwa don abin da aka kammala. Lambobin gaba su ke tsayar da foldojin a jere ɗaya a kowace kwamfuta. A cikin 02_Bidiyo ana rabawa da rana, a cikin rana da kyamara, a cikin kyamara da kati. Wanda ya gina wannan ƙwarangwal sau ɗaya sai ya ajiye shi babu komai a ciki, ya riƙa kwafarsa duk lokacin da sabon aiki ya zo.

Kada zurfin ya yi yawa. Windows yana da tsohuwar iyaka ta harafi 260 ga cikakken adireshin fayil, kuma folda cikin folda har hawa goma masu dogayen sunaye kan kai ga wannan iyaka, kwafi ya tsaya.

Suna

Kyamara ba ta san abin da ta ɗauka ba, ƙirge kawai take yi. Sony takan ba da C0001.MP4, Canon MVI_0001, jirgin DJI ya ba da DJI_0001, iPhone IMG_0001.MOV, kyamarorin AVCHD kuma 00000.MTS. Da yawa daga cikinsu sukan koma lamba ta farko idan an sa sabon kati. A aikin mako guda da kyamara biyu ana iya samun fayil goma masu suna C0001. Ranar da adireshi ya ɓace aka ce manhaja ta nemo C0001, tana iya kamo na wata rana dabam, sai a ga marini yana magana amma hoton na kasuwar Kurmi ne. Mafi muni, idan an zuba kati biyu a folda ɗaya aka amsa tambayar kwamfuta da gaggawa, sabo yakan danne tsoho ya shafe shi har abada.

Sharaɗin suna nagari shi ne kada a sami fayil biyu masu suna ɗaya a duk aikin, kai har a duk sutudiyon. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a bar lambar da kyamara ta bayar, a ƙara bayani a gabanta: 20240315_KofarMata_A003_C0007. Mai karatu ya san an ɗauka ranar 15 ga Maris 2024, a aikin Ƙofar Mata, da kyamarar A, a kati na uku, hoto na bakwai. Barin lambar asali a ƙarshe yana da amfani babba, domin ita ce igiyar da ke haɗa fayil da takardar mai kula da kwantiniti da kuma kwafin katin da ke ajiye. Tsarin harafi da lamba irin A003 daga manyan kyamarorin sinima aka aro shi, irin su ARRI da RED, waɗanda da kansu suke raɗa wa kowane kati irin wannan suna. A lokeshan sai a manna ɗan tef a kan kati ko kwalinsa a rubuta A003, don sunan da ke hannu ya dace da na cikin kwamfuta.

Kwanan wata yana farawa da shekara, sai wata, sai rana. Wannan jeri shi ne na ƙa'idar ISO 8601 da aka fitar a 1988, kuma dalilinsa a bayyane yake. Kwamfuta tana jera sunaye daga harafin farko. Idan rana ce a gaba, 01 ga Disamba zai hau kan 15 ga Maris. Idan shekara ce a gaba, jerin suna ya zama jerin lokaci. Yana kuma kawar da ruɗani tsakanin masu rubuta rana kafin wata, kamar yadda ake yi a Najeriya da Nijar, da Amurkawa masu sa wata a gaba. Duk wannan ya dogara ga agogon kyamara, don haka a daidaita agogon kowace kyamara da na'urar sauti kafin a fara ɗauka. Kyamarar da batirinta na ciki ya mutu takan koma wata tsohuwar shekara, ta jefa hotunan yau can ƙasan jeri.

Lambobi suna bukatar sifili a gaba. Manhajoji da yawa sukan jera 1, 10, 11, 2, amma 001, 002, 010 ba sa rikicewa a ko'ina. Shiri mai dogon zango, irin Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ko Labarina, yana tara kashi-kashi masu yawa a cikin shekaru, kuma wanda ya fara da lamba mai gurbi ɗaya zai yi nadama kafin zango na biyu. A irin wannan aiki sunan yakan ɗauki zango da kashi da fitowa, misali Z02_K014_F07, wato zango na biyu, kashi na 14, fitowa ta bakwai.

Akwai alamomin da Windows ya haramta a suna: \ / : * ? " < > |. Mac yakan karɓi wasu daga cikinsu, sai matsala ta tashi ranar da faifan ya koma Windows. Tazara tsakanin kalmomi ma gara a maye ta da ƙaramin layi na ƙasa. Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, da kuma alamar da ke gaban 'y, wajibi ne a rubutun da zai fito a fuskar fim, kuma edita mai mutunta harshensa ba ya sakaci da su a can. A sunan fayil kuwa an fi samun kwanciyar hankali idan an bar su, domin wasu tsofaffin manhajoji da na'urori sukan mayar da su alamar tambaya ko akwati, adireshi ya karye. Wani dalilin kuma na nema ne: wanda ya rubuta Kofar a akwatin bincike ba lallai ya sami fayil ɗin da aka rubuta Ƙofar ba.

Ba kowane fayil ake canza wa suna ba. Katunan AVCHD, da na kyamarorin da ke ajiye hoto ɗaya a fayiloli da dama masu dogaro da juna, ana barin cikinsu yadda yake, a sa cikakken suna a kan foldar katin. Inda canzawa ta halatta, kamar fayilolin MP4 da MOV masu zaman kansu, ana yi ne da manhajar da ke canza ɗaruruwa a lokaci guda, irin su Adobe Bridge ko PowerRename na Windows, ko umarnin Rename da ke cikin Finder na Mac. Lokacin yi kuma ɗaya ne: bayan kwafin farko, kafin a yi sauran kwafin ajiya, kafin a shigo da komai cikin manhaja. Idan faifan aiki yana ɗauke da sabon suna, faifan ajiya kuma tsoho, ajiyar ba za ta yi amfani ba ranar da aka neme ta.

Sunan fayil ba wurin ba da labari ba ne. Bayani irin "marini yana tsoma zane a rami, ya yi kyau" na cikin manhaja ne. Fayil ɗin aikin kansa da abin da ake fitarwa su ma lamba suke so: KofarMata_v01, v02, v03. Kalmar "na ƙarshe" ba ta da wuri a suna, domin darakta zai dawo da gyara, sai a sami na ƙarshe, da na ƙarshe na biyu, da na ƙarshe na gaskiya, ba wanda ya san wanne aka kai gidan talabijin.

Shigowa cikin manhaja

Kafin hoto ko ɗaya ya shiga, a daidaita ma'aunin aikin: girman hoto da yawan firem a daƙiƙa. Najeriya da Nijar da Gana suna kan wutar lantarki mai bugu 50 a daƙiƙa, talabijin ɗinsu kuma firem 25 yake bi, don haka 25 ne ma'aunin da aka saba da shi. Ɗauka a kan 30 ƙarƙashin wasu fitilun lantarki yakan sa hoto ya riƙa ƙyaftawa. A DaVinci Resolve ma'aunin firem na aikin yakan kulle da zarar an shigo da hotuna, saboda haka kuskure a nan yana da wuyar gyara. Sauti na bidiyo kilohaz 48 ne, waƙoƙin da aka samo daga waje kuma galibi 44.1 suke.

Hotunan waya suna da halinsu. Yawancin wayoyi suna ɗauka a kan 30, kuma yawan firem ɗin ba ya tsayawa wuri ɗaya, yakan sauka idan haske ya ragu ko waya ta yi zafi. A doguwar hira sai a ga baki da murya sun fara tare, kafin minti goma sun rabu. Manhajar HandBrake, wadda kyauta ce, tana mayar da irin wannan hoto zuwa firem tsayayye. Ana ajiye na asali, a sa wanda aka juya a folda ta dabam da suna iri ɗaya da ɗan ƙari a ƙarshe. Hoton da aka turo ta WhatsApp a matsayin bidiyo kuwa an riga an matse shi, ingancinsa ya zube, kuma sunansa da ranarsa sun canza. A nemi mai shi ya turo shi a matsayin takarda, ko ya kawo wayar a kwafa ta kebul.

Kyamarori da yawa suna matse hoto da H.264 ko H.265. Matsin yana rage girman fayil, amma yana wahalar da kwamfuta, domin yawancin firem ɗin ba cikakku ba ne, sai an lissafo su daga maƙwabtansu. Idan 4K ne a kan laftof mai matsakaicin ƙarfi, hoto yakan riƙa tsayawa. Ba sai an sayi sabuwar kwamfuta ba. Ana yin firoksi, wato ƙaramin kwafi mai sauƙin kunnawa, galibi a tsarin ProRes Proxy ko DNxHR LB, a yi editin da shi, lokacin fitarwa manhaja ta koma kan na asali da kanta. Alaƙar firoksi da uwarsa a kan suna take, wanda ya sake nuna dalilin da ya sa sunaye masu maimaituwa ke da haɗari. Firoksi yana da foldarsa, kuma ba ya bukatar kwafi uku tunda ana iya sake yin sa.

Idan an ɗauki sauti da na'ura ta dabam, ana haɗa shi da hoto tun yanzu, kafin a yanka komai. Manhajoji suna iya gwada sautin kyamara da na na'urar su daidaita su, shi ya sa ba a kashe makirfon kyamara ko da ba za a yi amfani da sautinsa ba. Inda hayaniya ta hana, ƙarar allon da ake bugawa a farkon ɗauka, ko tafi ɗaya a gaban kyamara, ita ce alamar da edita zai bi.

Tsari a cikin manhaja

A cikin manhaja akwai aljihuna da ake zuba hotuna, masu kama da folda amma ba su taɓa abin da ke kan faifai. A nan edita yake da 'yanci. Faifai an tsara shi bisa yadda aka ɗauka, rana da kati. Aljihuna kuwa ana tsara su bisa yadda za a ba da labari. A fim na wasa, aljihu ɗaya ga kowace fitowa, ko da an ɗauki rabinta ranar Litinin rabi ranar Alhamis. A shirin Ƙofar Mata, aljihun hirarraki da sunan kowane mai magana, aljihun ramukan rini, na shanya, na masu bugu, na titi da ganuwa. A bikin aure, kamu da ɗaurin aure da walima da kai amarya. Yana da kyau a bar aljihu guda da ke nuna tsarin faifai yadda yake, don a san ko akwai katin da aka manta ba a shigo da shi ba. Jerin da ake editin a kai su ma suna da aljihunsu, da wani na tsofaffin juyi, domin darakta yakan ce a dawo da yadda aka yi makon jiya.

Sai kallo. Babu abin da ke maye gurbin edita ya zauna ya kalli duk abin da aka ɗauka, daga farko har ƙarshe, yana rubutu. Aiki ne mai cin lokaci kuma shi ne wanda masu gaggawa suka fi tsallakewa, amma a nan ake gano kallon da wata tsohuwa ta yi a bayan mai magana, ko jimlar da marini ya faɗa bayan ya ɗauka an kashe kyamara. Manhajoji da yawa suna da guraben bayani: fitowa, shot, tek, sharhi, da alamar mai kyau. Ana sa alama a daidai daƙiƙar da abu ya faru a rubuta abin da aka ce. Launi ma yana taimakawa idan ma'anarsa ɗaya ce a duk aikin, misali kore ga wanda darakta ya zaɓa, ja ga mai matsalar sauti. Kalmomin bayani su zama iri ɗaya: idan yau an rubuta "rini", gobe "marina", jibi "baba", bincike zai kawo kashi ɗaya cikin uku. Resolve da Final Cut suna da aljihuna masu tara hotuna da kansu bisa kalmar da aka ba su, kuma amfaninsu ya rataya ne a kan wannan daidaito.

Duk wannan a rubuta shi a takarda guda a ajiye a foldar 06_Takardu: yadda ake suna, ma'anar launuka, jerin katuna da ranakunsu. Edita yakan yi rashin lafiya, yakan yi tafiya, yakan bar aiki, kuma wanda ya gaje shi ya kamata ya buɗe faifan ya ci gaba ba tare da ya buga waya ba.

Idan adireshi ya ɓace, da rufe aiki

Jan allo ba ya nufin hoto ya lalace. Sau da yawa a Windows harafin faifai ne ya canza: jiya E ne, yau an riga an sa filashi ya karɓe E, faifan ya koma F. Ana magance wannan ta ba faifan aiki harafi na dindindin daga can ƙarshen jeri, kamar V, a cikin Disk Management. Idan folda ce aka matsar, umarnin Link Media a Premiere ko Relink a Resolve yakan nemi a nuna masa fayil ɗaya ko uwar folda, sauran kuma ya gano su da kansa muddin sunaye da tsarin foldoji ba su canza ba.

Bayan an miƙa aiki, ana tattara shi. Project Manager a Premiere da Media Management a Resolve suna iya kwaso duk fayilolin da aka yi amfani da su zuwa wuri guda, har da waɗanda suka ɓuya a wajen uwar folda. Abin da ake ajiyewa shi ne hotunan asali, sauti, fayil ɗin aiki na ƙarshe, haruffan da aka yi rubutu da su, da kwafin fim mai cikakken inganci, tare da wani marar rubutun fassara da kuma sautin magana dabam da na kiɗa, saboda ranar da wata tasha za ta nemi a fassara shi zuwa wani harshe. Firoksi da tarkacen da manhaja ke tarawa don saurin aiki ana iya goge su. A rubuta sunan aiki da shekara a jikin faifan, a shigar da shi rajistar sutudiyo, a ajiye shi a cikin kwali inda zafi da ƙurar hunturu ba sa kai wa. Faifan da ke ajiye ana jona shi lokaci-lokaci a buɗe wasu fayiloli a gani, kuma bayan 'yan shekaru a kwashe abin da ke ciki zuwa sabon faifai tun tsohon bai fara ƙara ba.